Ranar da mota ta ƙi bin sitiyari

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, ɗalibai huɗu na ajin ƙarshe a sashenmu na injiniyancin injuna suka turo wata ƙaramar mota da suka ƙera da hannunsu har bakin ɗakin gwaje-gwaje, suka aika a kira ni. Aikin kammala digirinsu ke nan, kuma ni ne mai duba su. Injin babur mai ƙafa uku suka ɗora mata, suka yanka farantin ƙarfe suka yi mata jiki, suka fesa mata fenti kore da fari. Jama'a sun taru ana ta ɗaukar hoto da waya. Shugabansu, yaro mai kaifin basira wanda ban taɓa kama shi da lalaci ba, ya miƙo mini makulli yana murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai za ka fara zagayawa da ita."

Ban karɓi makullin ba. Na cire hula, na tattare riga, na kwanta a ƙasa na leƙa ƙarƙashinta. Sandar da ta taso daga sitiyari zuwa ƙafafun gaba guntaye biyu ne aka haɗa da walda, ɗaya daga cikinsu ma rodin gini ne da aka goge aka shafa wa baƙin fenti. Na tashi na kakkaɓe jikina, na ce babu wanda zai tuƙa motar nan a harabar makaranta, ni ko su, sai an sake sitiyarin daga tushe. A lokacin saura mako uku malamin da zai jarraba su ya iso daga wata jami'a, kuɗin da suka haɗa kuma ya ƙare. Na ga yadda fuskokinsu suka canza. Bayan kwana biyu maganar ta dawo kunnena cewa Dokta ya raina abin gida, don yana ganin ya yi karatu a waje.

Lallai karatun waje ne ya sa ni kwanciya a ƙasa ran nan, amma ba irin wanda suke nufi ba. A garejin wani dattijo na same shi, kuma da kuskurena na saye shi. Ban taɓa ba da labarin a aji ba, saboda ba labari ne da ke ƙara wa malami kwarjini ba.

A kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka na yi karatun digiri na uku. Na kama hayar ɗaki a bayan gidan wani Bature da ya haura shekara saba'in, wanda ya yi rayuwarsa yana sassaƙa ƙarfe a masana'antar jiragen sama har ya yi ritaya. A al'adarsu yaro kan kira tsoho da sunansa gatsau, ni kuwa bakina ya kasa, sai na riƙa ce masa Baba. Da na yi masa bayanin ma'anar kalmar ya yi dariya ya karɓa. Shi kuma ya laƙaba mini Dokta tun ban rubuta ko babi ɗaya na kundina ba. A garejinsa akwai wata mota da ya shekara shida yana haɗawa, irin wadda suke kira "hot rod".

Sunan nan Amurkawa kan ba tsohuwar mota ne, galibi ƙirar Ford ta shekarun 1920 da 1930, wadda mai ita ya tuɓe mata duk abin da ke ƙara mata nauyi, ya sassauto da ita kusa da ƙasa, ya cusa mata injin da ya fi ƙarfinta. Al'adar ta taso a yankin tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da samarin da ba su da kuɗin sayen mota mai gudu suke kai tarkacensu busassun tafkunan hamada, irin su Muroc da El Mirage, su gwada gudu a fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai. A 1937 suka kafa ƙungiyar da ke auna musu gudu. Bayan yaƙi sojoji suka dawo gida da sana'ar walda da ta gyaran inji a hannunsu, abin ya bunƙasa. Mujallar Hot Rod ta fara fita a watan Janairun 1948, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a kwashe tseren daga titunan gari a mayar da shi filayen da aka tanada. Baba yana yaro aka yi duk wannan a kan idonsa. Ranar da ya fara kai ni kasuwar tsofaffin kayan mota da ake ci a Pomona ban ji baƙunta ba ko kaɗan, domin wanda ya san Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya san wurin: tsoho ya shimfiɗa buhu ya zube ƙarafa, mai saye yana juya abu a hannu yana kushe shi don a rage masa.

Motar Baba jikin Ford Model A ce ta 1929, marar rufi, an ɗora shi a kan shasin Ford na 1932. Asalin injinta silinda huɗu ne mai ƙarfin doki 40. Shi kuwa ya sa mata injin Chevrolet mai silinda takwas, lita 5.7, wanda ya ninka wancan ƙarfi sau bakwai ko fiye. Duk baƙon da ya shigo garejin injin yake fara tambaya. Ban taɓa jin wanda ya tambayi sitiyari ba, alhali shi ne abin da ya tsayar da aikin kusan shekara guda. Dalili kuwa a fili yake. Babban inji da bututun salansarsa sun cinye gurbin da akwatin giyar sitiyari na asali yake zama, don haka dole a nemo wani akwatin, a nemo masa sabon mazauni, sannan a nemo hanyar da sanda za ta bi daga hannun direba ta kewaye inji ta isa gare shi. Babu littafin kamfani da zai gaya maka inda za ka huda rami. Kai ne kamfanin.

Baba ya zaɓi akwatin motar Chevrolet Vega, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1977. Motar ba ta yi wani suna mai kyau ba, amma akwatin sitiyarinta ƙarami ne mai ƙarko, har yau masu wannan sana'a suna nemansa. Ana ɗaure shi a cikin ƙarfen shasi na hagu. Daga ƙarƙashinsa wani ɗan hannun ƙarfe ke fitowa, yana lilo dama da hagu idan an murɗa sitiyari. Daga bakin hannun nan wata doguwar sanda, bari in kira ta sandar ja, takan ratsa faɗin motar ta kama ƙafar dama, sannan tairod ya ɗauki motsin ya kai wa ƙafar hagu. Sai dai ƙafafun gaba na irin wannan mota a kan aksul ɗaya miƙaƙƙe suke, shi kuma yana rataye ne a jikin sifirin guda da aka gitta a gaban mota. Idan sandar ja ta tura, aksul ɗin gaba ɗayansa yana iya gocewa gefe maimakon ƙafafu su juya. Maganin wannan shi ne a ƙara wata sandar da za ta riƙe aksul da shasi, wadda ake kira sandar Panhard, da sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma na san ta tun ina aji uku a jami'a: sandar ja da sandar Panhard su yi kusan tsawo ɗaya, su kwanta a layi ɗaya kamar layukan dogo, domin idan ƙafa ta hau tudu ko ta faɗa rami su yi lilo tare.

Watannin farko ni ɗan riƙe fitila ne da miƙa sifana. A nan na fara ganin abin da na haddace a allo yana fitowa daga hannun mutumin da bai taɓa shiga aji irin nawa ba. Idan mota tana shan kwana, ƙafar ciki tana bin da'ira ƙarama, ta waje tana bin babba, saboda haka dole ta ciki ta fi karkata, in ba haka ba tayoyi su riƙa jan ƙasa suna kuka suna cinyewa. Wani maƙerin keken doki na birnin Munik a Jamus, Georg Lankensperger, shi ya warware wannan, wakilinsa Rudolph Ackermann kuma ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1818, sunan wakilin ya bi ta, na maƙerin ya ɓace. Ni da lissafin kusurwoyi na san ta. Baba kuwa zare ya ɗauko, ya ɗaura a kan ƙusar da ƙafar gaba ke juyawa a kanta, ya ja shi har tsakiyar aksul na baya, ya ce in duba ko ya ratsa ta kan bakin tairod. Bai ratsa ba, ya kauce da kamar faɗin yatsa biyu. Ya kunna wutar gas ya gasa hannun ƙafar har ya yi ja, ya lanƙwasa shi a hankali, ya rufe shi da yashi ya bar shi ya huce da kansa. Ya ce kada in kuskura in zuba wa irin wannan ƙarfe ruwa, kuma bugaggen ƙarfe kaɗai ake yi wa haka, na zubi karyewa yake yi. Washegari ya kai hannuwan biyu wani shago aka gwada su da maganaɗisu don a ga ko sun tsage a inda ido ba ya gani. Na tambaye shi ko ya taɓa samun wanda ya tsage. Ya ce sau ɗaya, cikin shekara arba'in.

Sandar da ke saukowa daga sitiyari ita ma da nata sharuɗɗan. Tun da ba za ta iya tafiya a miƙe ba, sai an sa mata gaɓoɓi irin waɗanda makanikanmu ke kira kuros. Kowace gaɓa ba a so ta lanƙwashe fiye da kamar digiri 30, kuma gaɓa guda idan ta karkata ba ta juyawa da gudu ɗaya, tana sauri tana jinkiri sau biyu a kowane zagaye. Sai an jera biyu bakunansu sun dace sannan ɗaya ta shafe aibin ɗaya. Akwai kuma wata fa'ida da ban lura da ita ba sai da ya nuna mini. A motocin da, sandar sitiyari mashi ce miƙaƙƙiya da aka saita a ƙirjin direba, ana karo ta gaba sai ta taso ta soke shi. Sai a motocin 1967 kamfanin General Motors ya fara sa sanda mai shigewa cikin kanta, daga 1968 kuma doka ta wajabta irin wannan kariya a sababbin motocin Amurka. Motar 1929 dokar ba ta hau kanta ba, amma Baba ya saya mata sanda mai shigewa, ya ce doka ba ta san ƙirjinsa ba.

Ana cikin haka aka yi masa aikin gwiwa, likita ya hana shi durƙuso wata biyu. A lokacin shasin yana tsaye a kan ƙafafunsa, amma an sauke inji an kai shi gyara, jikin motar kuma yana wurin mai fenti. Abin da ya rage shi ne a yi wa akwatin Vega mazauni. Na ce ya bar mini. Na auna komai da ma'auni mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, na zana a kwamfuta, na lissafa ƙarfin da farantin zai ɗauka na ninka shi uku. Na saita akwatin yadda sandar ja ta kwanta daidai wa daida, ko ɗigon ruwa ba zai gangara a kanta ba. Na kai masa zanen yana kan kujera, ya juya takardun ya ce, "Dokta, wannan ya fi zanen da muke samu a masana'anta kyau." Har yau ina jin daɗin da na ji ran nan, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne motar da na auna fanko ce. Da aka mayar da inji da lagireto da jiki da batir, aka cika tanki, sifirin ya kwanta, shasin ya sauka da santimita 7. Akwatin ya sauka tare da shasi, ƙafafu kuwa suna nan inda suke a ƙasa, sai sandar ja ta koma tana hawa tudu daga hagu zuwa dama. Sandar Panhard kuma daga baya muka ɗaura ta, motar tana ɗauke da nauyinta, don haka ita a kwance take sosai. Sanduna biyun da ya kamata su jeru sun buɗe baki kamar almakashi. Lagireto da fitilu sun rufe wurin, Baba ba ya iya sunkuyawa, ni kuwa ban sake dubawa ba, domin a raina an gama wannan babi tun da kwamfuta ta amince.

Baba yana da jika, yarinya 'yar shekara tara, wadda ya yi wa alkawarin ita za ta fara zama a gefensa. Ranar Asabar ɗin da za a fitar da motar ta zo tun da safe da gilashinta na hana iska. Ya ce mata a'a, sai motar ta yi mil ɗari tukuna, kafin nan waɗanda suka ɗaura ta su kaɗai za su hau. Ta yi kuka, uwarta ta lallashe ta. Ni na zauna a kujerar da aka yi mata alkawari.

Mun fita bayan gari, kan wata hanya miƙaƙƙiya tsakanin gonakin lemo, da magudanar ban-ruwa ta siminti a hannun dama. A ƙaramin gudu komai lafiya, sitiyarin ba nauyi, yana dawowa tsakiya da kansa bayan kwana. Baba ya taka totur har muka kai wajen kilomita 80 a awa. Akwai inda layin dogo ya gitta hanyar, da ɗan tudu kaɗan wanda motar gida ba za ta ko ji shi ba. Muna hawa, gaban motar ya danna ƙasa, sai ta zabura dama kamar an fizge ta da igiya. Idona yana kan hannun Baba, kuma na rantse bai motsa sitiyarin ba. Tayar dama ta sauka daga kwalta, na ga ruwan magudanar a ƙasan gwiwar hannuna. Ya murɗa hagu, a daidai lokacin sifirin ya saki, motar ta ƙara da nata a kan nasa, muka tsallaka layin tsakiya zuwa hannun masu zuwa. Allah Ya sa babu kowa a hanyar. Bai taka birki da ƙarfi ba, ya ɗaga ƙafa kawai ya bar ta ta lafa, muka tsaya a gefe ƙura tana wuce mu. Na sami kaina ina maimaita salati da ƙarfi. Shi kuwa ya kashe inji, ya zauna shiru na wani lokaci, sannan ya ce mu koma gida a hankali.

A gareji bai ce mini komai ba. Ya ɗaure sitiyarin da igiya yadda ba zai motsa ba, ya samo wata doguwar sandar katako ya manne ta a gefen tayar gaba tana nuna bango, ya yi alama da alli a inda bakinta ya tsaya. Sai ya ce, "Dokta, hau kan ƙahon shasin nan ka yi tsalle." Na hau na danna. Bakin sandar ya bar alamar allin ya tafi dama, na saki ya dawo. Na sake dannawa ya sake tafiya. Ƙafafun motar suna juyawa alhali sitiyari a ɗaure yake. Ya miƙo mini fitila ya ce in leƙa in gaya masa abin da na gani. Gani ya kori ji. Tun kafin in gama kwanciya na san abin da na yi.

Daren nan na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko, kuma bai ɗauke ni minti biyar ba. Sanda mai tsawon santimita 70, idan tana kwance sosai aka ɗaga bakinta da santimita 5, isarta a gicciye ba ta raguwa da fiye da milimita 2. Amma idan da ma ta riga ta karkata da santimita 7, aka ƙara mata waɗannan 5 ɗin, raguwar ta kusa milimita 7. Bambancin milimita 5 ke nan tsakanin sandar ja da sandar Panhard, kuma babu inda zai tafi sai hannun ƙafa. A hannu mai tsawon santimita 15, wannan ya kusa digiri 2 na juyawa. A ido ba komai ba ne. Amma a mota mai tazarar mita 2.7 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, digiri 2 kwana ce mai lanƙwasar da ba ta kai mita 80 ba, ga shi kuma muna cin mita 22 a kowane sakan.

Da safe na zo masa da dabara. Maimakon a yanke mazaunin a ɗaga akwatin, abin da zai sa a sake bututun salansa a kuma ƙara wa sandar sitiyari gaɓa ta uku, me zai hana mu yanka ɗan hannun akwatin mu karkata shi sama mu yi masa walda? Aikin awa biyu ne. A nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci a duk zamana da shi. Ya ce kuskuren jiya na rashin sani ne, ya yafe, amma wannan na yau da sanina nake faɗa. Ya ce shekara arba'in yana walda, kuma saboda ya san ta ne ba zai sa ta a wurin da idan ta saki babu na biyunta ba. Inji idan ya mutu sai ka gangara gefe. Birki ma hanya biyu gare shi, ga na hannu. Sitiyari kuwa daga tafin hannunka har taya sarƙa ɗaya ce.

Ba wai ba a walda a sitiyari ba ne sam. Kamfanoni suna yi, mu ma mazaunin akwatin da walda muka kafa shi. Amma kamfani ya san irin ƙarfensa, ya san zafin da ya ba shi, yana kuma gwada samfuri har ya karye kafin ya sayar. Mazauni faranti ne mai faɗi da tokare-tokare, in ya fara tsagewa za a gani. Siririyar sanda ko ɗan hannu kuwa, gefen waldar inda wuta ta canza halin ƙarfe nan ne tsaga ke farawa, tana ci a ɓoye duk lokacin da aka murɗa dama aka murɗa hagu, har ranar da za ta rabu gaba ɗaya ba sallama. Masu bin tseren motoci sun san abin da ya faru ranar 1 ga Mayu, 1994 a filin Imola na Italiya, inda Ayrton Senna, zakaran duniya sau uku, ya bar hanya a kwanar Tamburello ya daki bango ya rasu. An sami sandar sitiyarinsa a karye a daidai inda aka yanka ta aka saka wani guntu mai siranta da walda don a gyara masa zama. An shekara da shekaru ana shari'a, a 2007 kotun ƙoli ta Italiya ta tsaya a kan cewa karyewar sandar ce ta jawo hatsarin, ko da yake akwai injiniyoyin da har yanzu suke ganin sai da motar ta daki bango sannan ta karye. Ko wanne ne gaskiya, waɗanda suka yi waccan waldar suna cikin ƙwararrun duniya.

Mako uku muka yi muna gyara. Ni na yanke mazaunin da na yi alfahari da shi, na goge wurin har shasi ya koma sumul. Wannan karon mun cika tanki, muka ɗora buhunan yashi biyu a kujeru daidai nauyinmu, sannan muka auna. Ɗaga akwatin ya tilasta gaɓa ta uku, ita kuma ta tilasta a kafa wa sandar madogari a jikin shasi don kada ta riƙa bulala. Bututun salansa na hagu sai da aka sake lanƙwasa shi, aka nesanta shi da gaɓoɓin saboda zafi yana ƙona musu giris. Na nemi in biya kuɗin, ya ƙi. Da muka gama na sake hawa ƙahon shasi na yi ta tsalle har na yi gumi, bakin sandar katako bai bar alamar alli ba. Muka koma hanyar gonakin lemo, muka haye layin dogon da gudu 40, sannan 60, sannan 80, motar ta wuce a miƙe. Yarinyar ta sami kujerarta bayan wata guda.

Tun da na dawo gida idona ya kasa wuce ƙarƙashin sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, amma har yau motocin da aka ƙera don ƙasashe irin su Ingila da Japan suna shigowa da sitiyari a dama, a juya shi zuwa hagu a gareji. Na ga inda aka yi aikin da kyau, aka sayo dukkan kayan hagu na asalin motar aka musanya, har na yi wa makanikin jinjina. Na kuma ga inda aka ƙara wa sanda tsawo da guntun ƙarfe, aka rufe waldar da roba, motar kuma tana lodin fasinja zuwa wani gari. Makanikanmu ba hannu suka rasa ba, na ga masu gwanintar da ba ta gaza ta Baba ba. Mai mota ne ke son a gama yau da kuɗi kaɗan, kuma babu wanda zai leƙa bayan an gama. Mu ma a jami'a da laifinmu, domin mun saba ba da maki a kan abin da ya tashi ya yi ƙara a gaban baƙi.

Ɗalibaina dai ban bar su da hukunci kawai ba. Ranar Asabar na ɗauke su a motata muka je kasuwar kayan gyara, muka sayo sandar sitiyari sukutum da gaɓoɓinta daga wata ƙaramar mota da aka farke, na cika musu abin da ya gaza. Da suka ɗaura na sa suka ɗaure sitiyarin, muka manna sandar tsintsiya a taya, muka yi alama da alli a bangon ɗakin gwaji, na ce shugabansu ya hau gaba ya danna. Bakin sandar ya tafi da faɗin yatsa uku. Ya sauko ya tsaya yana kallon bangon, sannan ba tare da na ce masa komai ba ya karɓi fitila ya kwanta a ƙasa.

Ba su gama kafin ranar jarrabawa ba. Malamin da ya zo daga waje ya tarar da motar a kan bulo, gabanta a kwance, ba a ko tayar da injin ba. Ya daɗe yana yi musu tambayoyi a gaban alamomin allin, ya ba su makin da ya ga ya dace, wanda bai kai abin da suka sa rai ba. Ɗaya daga cikinsu har yau idan muka haɗu gaisuwarsa a taƙaice take. Mako biyu bayan fitowar sakamako, lokacin da babu sauran maki da za a samu, shugabansu ya kira ni a waya ya ce, "Malam, in kana kusa ka leƙo." Na tarar da su uku a bakin ɗakin gwaji da yamma, harabar ta yi tsit. Wannan karon bai miƙo mini makulli ba, shi ya zauna a mazaunin direba, ni na zauna a gefensa gwiwoyina suna taɓa haɓata. Muka bi ta gaban ɗakin karatu inda aka yi tudun rage gudu, ya haye shi a hankali, ya zagayo ya sake hayewa da ɗan sauri. A karo na uku na ga yana shirin sakin sitiyarin don ya nuna mini, na ce ya riƙe da hannu biyu.